Gwiwar Baba Mai Waya

Gwaggona ba ta shan ruwa sai ta ɗaga kofin gilashin ta leƙa ta cikinsa. Man girki ma haka take yi masa. Muna yara mun ɗauka tsabar tsantseni ne, ashe aiki ne ya bi ta har gida.

A ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ta ƙarar da ƙuruciyarta. Abokan aikinta suna fama da jini da fitsari, ita kuwa rabonta ruwan gaɓa ne, wanda likita ke zuƙowa da allura daga gwiwa ko gwiwar hannu in ta kumbura. A gefen teburinta akwai wata tsohuwar jarida da ba ta yarda a jefar. In an kawo ruwan a 'yar kwalba, sai ta kara shi a kan rubutun. Na lafiya fes yake, ruwan ɗorawa-ɗorawa, ana karanta jarida ta cikinsa, in aka ɗiga shi kuma yana yauƙi kamar farin ƙwai. In rubutu ya ɓace, to akwai magana. Daga nan sai madubin duba ƙwayoyin cuta.

"Mutum ya yi mini ƙarya son ransa," in ji ta. "Ni gwiwarsa zan tambaya."

Mijinta shi ne Baba Mai Waya, mai gyaran lantarki, wanda rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta. Ƙato ne, yana kama wayar wuta yana fito, amma in ya ga allura sai gumi ya karyo masa. Tun da likita ya ce wani gishiri ya yi yawa a jininsa, Gwaggo ta kori hanta da ƙoda da kifin gwangwani daga gidan. Baba ya ɗora hannu a ƙirji ya ce shi da hanta har abada. Har wa'azi ya koma yi mana a kan illarta, yana girgiza kai don tausayin masu ci.

Wata safiya ina gidan, ya fito yana dafa bango, gwiwarsa ta dama ta yi jawur, ta kumbura suntum, ko zanen gado bai yarda ya taɓa ta ba.

"Daga tsani na faɗo jiya," ya ce. "A shafa mini man zafi kawai."

"Malam, wane irin tsani ne wannan da bai bar maka ko ƙurjewa ba?"

Ta taɓa goshinsa ta ji ɗumi, sai na ga wasa ya fita daga fuskarta. A mota ta raɗa mini abin da take tsoro. In ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, mugunya tana iya cinye ta cikin 'yan kwanaki, Baba da tsani kuwa sai dai kallo.

Yadda aka zuƙi ruwan nan ba zan ba da labari duka ba, don Baba surukin gidanmu ne. Abin da zan ce kawai, ya kira sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, ya kuma yafe wa duk masu binsa da sharri.

Ƙa'ida ba ta barin mutum ya gwada na iyalinsa, don haka abokiyar aikin Gwaggo ce ta karɓi kwalbar. Ina tsaye a bakin taga na ga ta kara ta a kan jaridar. Ko babban kanun labari bai fito ba. Gwaggo ta nemi kujera ta zauna.

Abokiyar ta daɗe a kan madubin, can sai kafaɗunta suka fara motsi. Ta yafito Gwaggo. Gwaggo ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa.

"A turo mini shi," ta ce.

Aka gunguro da Baba a keken marasa lafiya har bakin teburin, aka sa ya manna idonsa.

"Me ka gani, Malam?"

"Wasu 'yan allurai ne, sirara, suna ƙyalli."

"Gishirin nan ne ya daskare a gwiwarka. Tsani ba ya zuba wa mutum wannan. A ina kake cin hanta?"

Baba ya dubi silin, ya ce wayoyin ɗakin nan suna buƙatar gyara. Da ya ga babu mai tayawa, ya ce a bayan shagonsa akwai wani mai gashin nama, kuma mutumin maraya ne, bai kamata a bar shi ba ciniki ba.

Dariya ba ta kawo ƙarshen tsoron ba, domin allurai da ƙwayar cuta suna iya zama a gaɓa ɗaya. Aka shuka ruwan a faranti, a jira a ga ko wani abu zai tsiro. Kwanakin jiran nan Gwaggo ko shayi ba ta iya haɗiya, tana zaune a gefen gadonsa tana taɓa goshinsa. Farantin ya fito wayam.

Ranar da aka sallame shi, ƙamshi ya cika gidan. Gwaggo ta fito daga kicin da hanta soyayyiya, da albasa a kai, ta ajiye a tsakaninsu. Baba ya gyara zama, ya fara naɗe hannun riga.

"Allah ya yi miki albarka, Likita. Na san zuciyarki mai kyau ce."

Ta jawo kwanon gabanta ta miƙa masa kofin ruwa. Yanka ɗaya-ɗaya take ɗauka, tana taunawa a hankali, hawaye na bin kumatunta.

"Kalla da kyau, Malam," ta ce. "Ni ma haka na zauna ina kallonka, abinci ya ƙi shiga."

Ta cinye tas, har albasar.