Sarakunan Kawu Labbo Sun Tafi Cin Rani

Duk wanda ya bi ta ƙofar gidanmu a Sabon Birni bayan la'asar a wancan zamani ya san abin da zai tarar. Kawu Labbo na zaune a zaure bisa buzun akuya, ya buɗe gwangwanin madara, ya jera tsofaffin kuɗinsa yana gaishe su. Ba wasa nake ba, gaisuwa sosai. "Mai-Gemu, an wuni lahiya? Dogon Wuya, ya gajiya?" Da an kira magariba kuma sai ya bi su da yatsa ya kife kowanne, fuska ƙasa, ya ce, "To, ku kau da kai, Musulmi za su salla."

Saboda ni aka fara wannan kifewar. Ni ne Haruna, ɗan ƙanwarsa. A gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifina, a gidansa na yi aure. Sunan da ya sa mini shi ne Wasiwasi, kuma ba za ni ce ya zalunce ni ba. Ni mutum ne da ke sake alwala idan na yi shakkar kunnen hagu.

Kuɗin na Rumawa ne, mutanen da suka yi mulki can bayan hamada tun kafin Musulunci. Kawu ya sami na farko yana saurayi, lokacin da yake kai taba Agadas, a hannun wani Balarabe da ya gaya masa asalinsu. Daga nan ciwon ya kama shi. Yawancinsu tagulla ne da suka yi kore, kaɗan azurfa, kowanne da kan wani sarki, wani da ganye a ka, wani da gemu. Sunayensu na gaskiya bai sani ba, shi ya raɗa musu nasa. Akwai rubutun boko kewaye da kowane kai, sai ya sa ni in karanta, tunda ni na yi firamare. Na kira masa haruffan ɗaya ɗaya, ba su haɗu sun zama Hausa ba, ba su zama Turanci ba. Ya karɓe abinsa ya ce, "Ka dai iya kiran sunan baƙi, ba ka iya hira da su ba."

Mutane dariya suke yi masa. Shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, kowa na gudun kai tsofaffin sulallansa kada su mutu a hannunsa, wani maƙwabcinmu ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Labbo, ba ka kai naka a canza ma?" Kawu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Naku aka kashewa da sanarwa a rediyo. Nau sun mutu tun tuni, gwamnati ba ta da abin da za ta yi musu."

Ni abin da ke hana ni sukuni daban ne. A zauren nan muke salla idan ba mu je masallaci ba, ga kuma fuskokin mutane jere a buzu. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in ce masa, "Kawu, an ce mala'iku ba su shiga ɗakin da ke da sura."

Ya ce, "Wasiwasi, mi ke cikin aljihunka?"

Na ce, "Sule ɗaya."

"Kan wa ke bisa?"

Kan sarauniyar Ingila ne. Da shi na yi sallar asuba a sahun gaba. Daga ranar na fara zazzage aljihuna cikin takalmi a ƙofar masallaci, har wata Juma'a na fito ba takalmin, ba abin da ke ciki. Da Kawu ya ga na fara ramewa sai ya ce ya ji, zai riƙa kife su lokacin salla, ni kuma in bar ciyar da ɓarayi.

Kun san rowarsa, ba sai na faɗa ba. Goro ɗaya yakan yi masa kwanaki, yana gutsura yana mayarwa cikin ganye. Amma idan aka zo maganar sarakunansa, wani mutum ne daban. Shi ya sa lokacin da fari ya shigo ƙasar, hankalina bai ƙara kwanciya ba.

Damina ta yi gardama, ta biyu ta fi ta farko. Buzaye suka gangaro daga arewa, dabbobinsu sun ƙare, suka sauka bakin gulbi suna sayar da abin da ya rage musu: takubba, sirdi, awarwaron mata. 'Ya'yan Kawu maza biyu suka tafi cin rani kudu, aka bar mini rumbu. Abin da ke ciki ɗan abinci ne, sai damman iri da muka ɗaure daban muka rataye a sama. Irin nan shi ne gonarmu ta Kurawa gaba ɗaya. In ya tafi, ko ruwa ya dawo ba mu da abin zubawa a rami.

Wata ranar kasuwa Kawu ya shigo da wani dattijon Buzu, idonsa na ƙyalli. Mutumin na da kuɗin azurfa da kan mace a jiki, gashinta a kitse. Kawu ya ja ni gefe ya ce, "Duk gwangwanin ga ba mace, Wasiwasi. Gwauraye na tun da na san su." Buzun dami ɗaya na gero yake so, ba ya son komai sai shi.

Ban san lokacin da na je na tsaya a gindin tsanin rumbu ba. Ban taɓa tare masa hanya ba sai ranar.

Ya ce, "Kauce."

Na ce, "Kawu, in ka ɗauki na ci, iri za mu ci. In mun ci iri, mi za mu shuka?"

Ya dube ni, ya dubi Buzun, ya dubi rumbu. Sai ya shige ɗaki ya fito da babbar rigarsa ta salla, wadda ba ya bari ko ƙuda ya sauka a kai, ya haɗa da rawani ya miƙa. Buzun ya sayar a kasuwa ya auni hatsinsa. Ranar Idi Kawu ya tafi da taguwar gona, wankakkiya dai. Abokansa suka kewaye shi suna tambayar ina riga. Ya ce, "Na yi ma Mai-Gemu aure. Rigar ta tahi ga sadaki."

Sai kuma abin da ya faru da Inna Kulu, matarsa. Kawu na da hanyarsa ta wanke sabon kamu. Ba ya gogewa. Cikin man gyaɗa yake jiƙa shi a ɗan kasko, ya bar shi wata da watanni, lokaci lokaci ya ɗan sosa da tsinken kaba. Ya ce koren nan shi ne rigar tsufansu, ba a tuɓe dattijo. Inna Kulu kuwa mace ce da tasoshinta ke ɗaukar ido, da tsamiya da toka da rairayi take bin su. Ya tafi ta'aziyya Turba, ita kuma ta tarar da mai zaune a kasko a shekarar da miya ba ta ganin mai. Ta juye man a tukunya. Abin da ta samu a ƙasa, don kada a ce ta yi ɓarna, ta zauna ta dirje shi har ya yi ja kamar sabon kwabo.

Ina nan ya dawo. Ta miƙa masa da fara'a. Ya juya gaba, ya juya baya, ya kai bakin ƙofa wurin haske. Ba kai, ba rubutu, sumul.

Ya ce, "Kulu, ina mutumin?"

Ta ce, "Wane mutum? Datti na iske, datti na wanke."

Ya zauna a hankali. Ya ce, "Hamada ta gwada ta kasa. Zamani ya gwada ya kasa. Ke kin gama da shi kahin azahar."

Ta ce, "Ai da ka ce min baƙo na, da na bar shi da dauɗatai."

Bai ci tuwo ba ranar, da ya ji inda man ya shiga. Amma bai yar da kuɗin ba. Ya sa masa suna Shafaffe, ya ba shi wuri a ƙarshen layi, kuma shi kaɗai ba a kifewa da magariba. Kawu ya ce wanda ba shi da ido ba ya kallon kowa.

Da damina ta kewayo, ruwan farko ya sauka muka shuka. Tsiro ya fito, rana ta ƙone shi. Aka sake yayyafi muka sake shukawa, ya sake mutuwa. Irin da na tsare a gindin tsani ya ƙare a cikin ƙasa. Maƙwabta ma haka. Abin da ke kasuwa gauraye ne, ba ka san na bana ko na bara waccan ba, tsadarsa kuma ba ta talaka ba ce. Hadari ya fara haɗuwa a gabas kowace yamma, lokaci na wucewa, mu kuwa gona a share, hannu wofi.

Na san akwai wani Bature a Maraɗi, likita, da ya taɓa neman sayen gwangwanin Kawu shekarun baya, Kawu ya ce masa ba a sayar da mutane. Na shirya maganar a bakina sau da yawa. In na zo zaure na gan shi yana gaishe su, sai in tambaye shi ko ya ga akuyarmu. Inna Kulu ce ta faɗa, tana tsaye da tsintsiya. Ta ce, "Malam, sarakunan ga naka, ko su yi noma ko su ba da iri. Kowa a gidan ga ya ba da nashi."

Ya tattara su ya rufe gwangwani. Washegari da safe ba Kawu, ba gwangwani.

Bayan kwanaki ya dawo daga Maraɗi da jaki ɗauke da damman gero mai saurin nuna. Bai yarda ya sayi sussukakke ba, da zangarniyarsa ya saye, don ya ga abin da yake saye da idonsa. Muka sauke. Ya shiga zaure ya shimfiɗa buzu, ya buɗe gwangwani. Shafaffe kaɗai ya faɗo. Baturen ya ce wannan ba shi da amfani.

Na ce, "Kawu, ka sayar da su?"

Ya ce, "Wa ya ce maka? Cin rani sunka tahi, kamar kowa. Ɗiyana sun yi kudu, su sun yi arewa. Wanga aikensu na hwarko na." Ya nuna damman da haɓa. "Sun ma hi ɗiyan cikina. Waɗancan har yau ko sabulu."

Muka shuka, ya ɗebar wa maƙwabta na kusa su ma suka shuka. Ruwan bai yi yawa ba, amma ya kai gero ga nuna. Ba mu cika rumbu ba, ba mu kuma bar gari ba, a shekarar da gidaje da yawa suka rufe ƙofa da ƙaya suka tafi.

Bai sake sayen ko ɗaya ba. Kullum bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu ya ajiye Shafaffe a ƙarshen layin da ba kowa, ya bar wa sauran wurinsu. In ya ji wani zai tafi Maraɗi sai ya ce, "In ka ga Mai-Gemu da amaryatai, ka ce gida lahiya." Ni kuma na shiga damuwar ko wannan magana ƙarya ce da za a rubuta masa. Na tambaye shi. Ya ce, "Duk wanda ya tahi cin rani ana cewa zai dawo, Wasiwasi. Wasu ba su dawowa. Ka taɓa jin an kira uwarsu maƙaryaciya?"

A ciwonsa na ƙarshe ya kira ni ya sa mini Shafaffe a tafin hannu. Ya ce, "Kai na bar ma wanga. Ba huska, ba ido, ba suna. Ka yi salla da shi a aljihu in ka so. Sai ka nemi wani abin damuwa." Na kuwa samu. Bayan an yi sadakar bakwai na bi magada ɗaya ɗaya ina neman su yafe mini shi, ko da kyautar ba ta inganta ba. Inna Kulu ta ce in na ƙara tambayarta za ta karɓa ta sake wankewa.

Geron da muke shukawa a Kurawa har yau jikan wancan ne. Duk kaka nakan ware zangarniyar da ta fi kyau in rataye a saman rumbu, in dawo in sake dubawa ko na ɗaure da kyau.

Allah ya jiƙan Kawu Labbo, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Abin da ya fi so a duniya ya ɗauka da hannunsa ya kai, don mu shuka. Ya Allah, ka mayar masa da abin da ya fi shi.