Sauran Maganin Yaya Dije

Yaya Dije, Allah ya haskaka makwancinki. Ki yafe.

Wata rana wani saurayi, tela ne a Funtuwa, ya shiga kemis riƙe da baƙar leda.

Kwana arba'in ke nan da rasuwar yayarsa Dije. Ciwon suga ne ajalinta, ta bar yara biyu.

A ledar sauran maganinta ne. Innarsu ta ce ya kai a ba mabuƙata, ladan ya iske marigayiyar.

Shi ya samo mata maganin nan.

Ta gaji da allura, cinyoyinta duk tabo. Sai wani mai kawo masa ɗinki ya kwatanta masa mai maganin homiyofati, mutum mai fara'a, bangon shagonsa cike da takardun shaida.

Ƙwayoyi ne farare ƙanana kamar tsabar gero. A sa a ƙarƙashin harshe. Kada hannu ya taɓa. Kada a ci goro. Allura kuwa, a ajiye ta.

Da jikinta ya rikice, ƙishirwa kamar ta shanye randa, sai ya ruga wurin mutumin. Mutumin ya ce masa albishir ne, ciwon ke fita, sai ya tsananta kafin ya tafi.

Ya dawo da murna ya gaya mata.

Ta yarda, don ƙanenta ne ya faɗa.

Mai kemis ɗin dattijuwa ce. Ya miƙa mata ledar, ya ce sauran maganin sugan yayarsa ne ya kawo sadaka. Ta gyara tabarau, ta ciro kwalbar ta juya ta.

"Ɗana, sukari za ka yi sadaka da shi?"

"Magani ne, Hajiya. Daga waje aka kawo shi."

"Ka ga 30C ɗin nan da aka rubuta a jikin kwalbar? Ɗigo ɗaya na magani a cikin ɗigo casa'in da tara na ruwa. A ɗibi ɗigo ɗaya a ciki, a sake sirkawa. Haka har sau talatin, sannan a ɗiga a kan ƙwayar sukari. Ka zuba gishiri cokali guda a dam ɗin Mairuwa ka ɗebo ka sha, wallahi ya fi wannan ƙarfi."

"Amma mutane na cewa sun ji sauƙi."

"An gwada, ba sau ɗaya ba. A raba marasa lafiya gida biyu, waɗannan a ba su shi, waɗancan a ba su sukari zalla, ba wanda ya san nasa. Da aka tattara binciken, ba a samu ciwo ɗaya da ya tabbata yana warkarwa ba. Mura ce ke tafiya da kanta, shi ya karɓi godiya."

Ta ɗago ta dube shi.

"Mai shan nan dai ba ta bar allurarta ba, ko?"

 Ya zauna a kan katan.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wata huɗu yana ba mai ciwon suga sukari, safe da yamma, da bisimilla.

Darasi: Ajali na Allah ne, amma ƙauna ba ilimi ba ce. Kafin ka ce wa naka ya bar maganin asibiti, tambayi wanda ya sani: an gwada wannan? Me aka gani?

Ku tura wa duk mai jinyar wani a gida, ko Allah zai sa wata yayar ta tsira.

Inna har yau tana sa masa albarka, wai ba wanda ya yi wa Dije ɗawainiya kamarsa.

Bai gaya wa kowa ba tukuna.