Huffin ɗan mutanen Ƙwanni

Yayata ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. A gidanmu na Tudun Wada wannan ba baƙon abu ba ne, haka uwarmu ta yi da ita, haka kakarmu ta yi da uwarmu. Sai dai ita tata kunyar ta wuce ta kowa. A Ƙwanni ta yi auren fari, can cikin Nijar. Auren bai yi ƙarko ba, ta dawo Sakkwato da yaron a goye. Da ya shekara bakwai ubansa ya aiko aka tafi da shi. Ranar ni na yi ta rusa kuka kamar ni na haife shi, ita kuwa tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

Tun daga nan, in zancensa ya zama dole, sai ta ce "ɗan mutanen Ƙwanni". Ya girma, ya shiga soja a ƙasar ubansa. In zai bugo waya ni yake kira, ni ce Inna ƙarama. Na kai mata gaisuwarsa ta ce tana amsawa, ta ci gaba da juya masarta a tanda. Na sha jin haushinta a kan wannan, kuma ban taɓa ɓoye mata ba.

Da sojoji suka karɓi mulki a Nijar suka sallami Faransawa, sai muka fara jin Rashawa sun iso da jirage da masu horaswa. Garinmu ya rabu biyu, har cikin ɗakina. Maigidana yana ganin 'yan'uwanmu sun samu 'yanci, ni kuwa ina cewa sun dai canza ubangida ne. Ni malamar firamare ce a Gawon Nama, kuma ina da baki, ba na barin gardama ta kwana. Yaya ba ta cikin wannan. Ita rediyonta ba ya wuce wa'azi da sanarwar rasuwa.

Shi ya sa na yi mamaki ranar da na je gida ta tare ni da tambaya.

"Ke da kinka yi boko, wai ina Rasha take? Ta kai Makka nisa?"

Abin nema ya samu. Washegari na naɗo taswirar ajinmu, na shimfiɗa mata a tabarma, na yi mata darasi tun daga kan Faransa har zuwa ma'adinan da ake haƙa a arewacin Nijar. Ta saurara tsaf. Da na gama sai ta ce, "Akwai Musulmi can?" Na ce akwai. "Sanyin da aka hwaɗi, gaskiya na?" Na ce ruwa ma daskarewa yake yi a famfo. Ta auna tsakanin Sakkwato da can a taswirar da tafin hannunta, bai kai ba sai da ta ƙara.

Haka muka yi mako uku. Ta koma sauraren labaran duniya safe da yamma. Kullum da sabuwar tambaya: me suke ci, suna dukan sojan da suke koya wa aiki, yaren da suke yi yana da wuya. Ni kuma da wautata na ɗauka masu sayen masa ne suka cika mata kunne da zancen Rasha. Wata ranar ta ce ta ji an ce mutanen kirki ne, ba su da wulaƙanci irin na Faransawa. Nan zuciya ta ɗebe ni.

"Yaya, ke ma kin bi yarima? To saura ki ɗauko tutassu ki kahwa bakin tanda! Mutanen ga ba don Allah sunka zaka ba, abin da ag ga ƙasa suka so."

Ta dai kashe rediyon, ta shiga ɗaki.

Kwana biyu bayan haka yaron ya kira ni. Ya ce sunansa ya fito cikin waɗanda za a kai Rasha horo, kuma ba a faɗa musu ranar dawowa ba. An ba shi kwana uku ya yi sallama da gida, zai zo Ƙwanni, amma yadda gwamnatocin biyu suke zaman doya da manja, soja ba ya tsallakowa. Na ce ta yaya zan faɗa wa Yaya? Ya ce ai ta sani, gwaggonsa ta faɗa mata tun da ta zo Sakkwato suna, wata guda ke nan.

Na ajiye wayar. Kusan wata guda tana tambayata lafiyar ɗanta, ni ina ba ta amsa da ma'adinai. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na ji tausayinta har cikin raina.

Ban ba ta haƙuri ba, don in na ba ta na tona ta. Na dai je na ce mata ina son zuwa Ƙwanni gaida gwaggon yaron, ina neman 'yar rakiya. Ta ce ita ba ta da abin yi a Ƙwanni, amma tunda na matsa, ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Sannan ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin katifa ta sa a jakata. Huffi ne, safar fata irin wadda ake shafa a kanta wurin alwala ba sai an cire ba. Wani baduku a Ƙofar Rini ya ɗinka mata da jar fatar akuya, ya sa masa shafi mai laushi daga ciki. Na ce da wane awo aka yi, tunda rabonta da yaron shekara da shekaru?

"Ƙahwar ubanai gare shi," in ji ta. "Tun yana jinjiri nig gani."

Muka hau mota zuwa Illela, muka sha tambayoyi a bakin iyaka, kabu-kabu ya ƙarasa da mu. Muna shiga gidan muka same shi a tsakar gida, dogo, baƙi, da kaki da manyan takalma. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa tana kallon randar ruwa, ta wuce ta zauna bayan gwaggonsa.

Ni dai bakina bai mutu ba. Bayan an ci abinci na tambaye shi ko shi yana son tafiyar. Ya ce, "Inna ƙarama, ni ban san siyasa ba. Abokaina da munka shiga soja tare, da yawa ni na gina kabarinsu cikin daji. Duk wanda za shi koya muna yadda za mu koma gida da rai, ina zuwa." Ban canza ra'ayina a kan Rashawa ba, har yau ina nan a kan bakata, amma ranar na bar gardamar ta kwana.

La'asar ta yi, lokacin komawarmu ya zo, Yaya ba ta ce masa komai ba. Raina ya fara ɓaci. Na fito da huffin na dangwara masa, na ce ga saƙo, ya gwada. Ya kwance takalmansa ya zura. Ya zauna masa daidai, kowa a gidan ya gani.

Sai ga Yaya ta taso.

"Badukun ga ya cuce ni," ta ce, ni take kallo. "Dibi ɗunkin ga. Ya matse mai ɗan yatsa."

Ta durƙusa a gabansa ta kama ƙafar da hannu biyu. Ta latsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta shafa diddigen, ta bi ɗinkin da babban yatsanta har idon sawu, tana ta faɗan baduku. Yaron ya ce, "Bai matse ba, Inna." Ta yi kamar ba ta ji ba. Faɗan ya yi ƙasa ya koma motsin leɓe, na gane addu'a take yi. Shi kuma ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kakinsa. Gwaggonsa ta tashi ta shiga madafa, ni ma na juya ina gyara jakar da ba abin gyarawa a cikinta.

Mai kabu-kabun da zai mai da mu ya yi ta danna oda a waje. Na ce, "Yaya, za a ruhe iyaka."

"Ki ce shi jira," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ban duba gudar ƙahwar ba."