Aljihun Teburin Inna

Ni ba kafinta ba ne. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Arzèkè, kamar yadda mahaifina ya sayar kafin ni. Amma a bayan gidana da ke Ladjifarani akwai wata rumfar kwano da na tara zarto da guduma da guntayen katako, nan nake shiga ranar Lahadi in huta da surutun masu taya kaya. Matata tana kiran wurin asibitin kujeru, wai duk abin da ya shiga ciki sai ya fito yana ɗingishi. Ban taɓa yi mata musu ba.

Shekarar da na yi teburin, gajiya ta riga ta zauna mini a baya. Kasuwa ba ta tafiya, ƙafa tana kumbura, ga zirga-zirgar Djougou duk ƙarshen wata don duba mahaifiyata. Inna ta haura tamanin, tana zaune a tsohon gidanmu tare da ƙanena da iyalinsa. Hankalinta garau, bakinta ma garau, hannuwan ne suka ƙi. Yatsun sun kanannaɗe, ko murfin kwano sai ta yi dabara.

A ɗakinta akwai wani tsohon tebur mai aljihu ɗaya. Da damina katakon ya kumbura ya cije, da rani ya karkace. A da takan sa ƙarfi ta fizge shi. Yanzu ba hali, sai ta kira matar ƙanena ko wata cikin jikoki su ja mata, sannan ta kore su ko ta ce su juya baya. Wata ziyara na tarar da ita tana kokawa da shi, ta sa gwiwar hannu, gumi na zuba. Na miƙa hannu zan taimaka, ta buge shi.

"Kai wannan," ta ce, don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, "an ce kana wasa da katako. Ka yi mini wanda zan buɗe da kaina. Na gaji da kiran mutane."

Abin da ta roƙa ke nan, kuma a iya sanina ba ta taɓa roƙona komai ba.

Na sayi busasshen katako mai ƙwari da ake kira tek wajen wani mai yanka a hanyar fita gari. Ƙafafu huɗu da saman tebur ba su ba ni wahala sosai ba, in ban da ƙafa ɗaya da na yanke ta gaza, na sake wata. Lahadi biyar na yi ina aune-aune, ina gogewa da samfefa har ƙura ta cika mini hanci. Ina aiki kaɗan sai in zauna a kan benci in dafe ƙugu. Sau biyu na yi niyyar in kai wa kafintan gaske ya ƙarasa, kunya ta hana ni.

Aljihun ne ya tsaya mini a rai. Hanyar da na sani ita ce ta gargajiya: a kafa siraran katako biyu a ciki, aljihu ya hau kansu, a goga kyandir ko sabulu don ya yi santsi. Irin wannan ne ya ci amanar Inna. Don haka na hau zem, wato babur ɗin haya, na tafi shagon kayan ƙarfe, na ce a nuna mini ƙarafan da aljihu ke gudu a kansu, waɗanda suke kira gilisiyar.

Mai shagon ya zube mini iri biyu. Ɗaya fari ne mai 'yar tayar roba a ƙarshe, ɗayan kuma mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe a ciki, yana miƙewa hawa uku.

"Alhaji, mai tayar nan ya ishe ka," in ji shi. "In ka tura shi ciki yana ɗan faɗawa ya zauna. Sai dai wajen jawowa yana son ɗan ƙarfi kaɗan."

"Ɗan ƙarfin ne babu," na ce.

"To ɗauki mai ƙwallo. Wannan ko da ɗan yatsa, sa glis, sulalewa kawai yake yi."

Na tsaya ina ja ina turawa har wani mai sayen fenti ya gaji ya tafi. Na koma gida ban saya ba, na dawo washegari na sake ja. Daga ƙarshe na ɗauki mai ƙwallo, irin wanda ba shi da wani maƙali a ƙarshensa, don kada komai ya riƙe shi. Ɗaura shi ya cinye mini Lahadi biyu. In gefe ɗaya ya ɗara ɗaya ko da kaurin farce, sai ya cije. Na kwance, na ɗaura, na sake kwancewa, har ramukan kusoshin suka yi yawa na cike su da tsinken ashana. Ranar da ya zauna daidai, na tura shi da ƙaramin yatsana ya shige shiru. Na kira matata ta gani. Ta ja, ta tura, ta ce, "To, yau dai an sallami mai lafiya."

Aka ɗaure teburin a kan taksi da igiyar roba, muka kama hanyar Djougou. Duk ramin da muka faɗa sai in ji shi a haƙarƙarina. Muka isa bayan azahar, ƙanena ya taya ni shigar da shi, muka fitar da tsohon, muka jingina sabon a bango yana fuskantar ƙofa.

Ina sakin hannu, aljihun ya taho da kansa. A hankali ya zamo, ya miƙe har ƙarshe, ya tsaya. Na tura shi, ya sake fitowa.

Sai a lokacin na tuna. Ɗakunan gidanmu duka an yi musu daɓe mai gangara zuwa ƙofa, don in an wanke ɗaki ko tsohuwa ta yi alwala a ciki, ruwan ya bi ya fita da kansa. A ɗakin aka haife ni, na yi rarrafe a kan gangaren nan, amma na je na auna teburina a kan simintin rumfata da na shafe da hannuna ya kwanta sumul. Tsohon aljihun taurinsa ne ke riƙe da shi. Ƙanena ya juya baya yana dariya ƙasa-ƙasa. Ni kuwa ji na yi kamar in zauna a ƙasa in yi kuka, saboda gajiya.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce wa ƙanena ya fita, ya fita. Ta nuna mini wani ƙunshi da ta sa aka ciro daga tsohon teburin, an naɗe shi da ɗankwali, tana riƙe da shi a cinya tun da muka shigo.

"Buɗe," ta ce.

Farin yadi ne, an ninke shi da kyau, yana ƙamshin turaren wuta. Ni mai sayar da yadi ne, ban buƙaci a gaya mini ko na mene ne ba. Likkafaninta ne. Ta ce wata ƙawarta ce ta wanko mata shi da ruwan zamzam shekarun baya.

"Duk Juma'a nake fito da shi in duba, kada gara ko kyankyaso su taɓa shi. In sa masa turare in mayar. In yaran nan suka gani sai su kama koke-koke, matar ƙanenka ta ce ina yi wa kaina mugun fata. Ni kuwa ba fata nake ba, kayana nake dubawa." Ta kalli aljihun da ke buɗe. "Yanzu kai kuma ka kawo mini wanda zai nuna wa duk wanda ya ɗaga labule."

Na ninke yadin yadda yake, na miƙa mata.

Na fita tsakar gida, na ciro siraran katakon cikin tsohon teburin, na yanka su da wuƙar kicin da dutse, don ban zo da kayan aiki ba. Na durƙusa na cusa su ƙarƙashin ƙafafun gaba. Ɗaya bai isa ba, aljihun ya ci gaba da zamowa. Na ƙara, sai ya yi yawa, ya koma yana son ƙarfi wajen ja. Na rage. Haka na yi ta yi a durƙushe har aka kira la'asar, gwiwoyina suka mutu. Aikin Lahadi bakwai, ga shi ya ƙare a kan guntayen katako kamar teburin mai shayi. Amma daga ƙarshe ya tsaya a rufe, kuma da na taɓa shi ya biyo yatsana.

Inna ta matso da kujerarta. Ta sa yatsa ɗaya a mariƙin aljihun, wanda ya fi sauran miƙewa, ta ja. Ya fito. Ta tura, ya koma. Ta sake yi sau biyu, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Tashi ka ba ni wuri. Ka saki labulen."

Na fita na zauna a dakalin ƙofar ɗakin, bayana yana zafi. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu mini, ban san wanda ya fi yawa ba. Matar ƙanena ta zo wucewa da buta, ta tsaya ta kasa kunne, don ta saba a irin wannan lokaci a kira ta. Na yi mata alama ta wuce. Na daɗe a zaune ina jira, har ƙamshin turare ya fara fitowa ta ƙarƙashin labule. Inna ba ta kira kowa ba.