Kwalbar da Na Cika Daga Gwangwanin Maganin Gara

Matso kusa ka ji wani abu da ba zan manta ba muddin ina numfashi. Ko yau na tuna sai na yi dariya, in kuma gode wa Allah.

Ni ba mai yawo ba ce, karatuna kuma bai wuce allo da 'yan shekarun firamare ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina tsakar gida ina tankaɗe, babura goma su wuce ta bayan katanga, zan gaya maka wanne ne na maigidana. Babur ɗin nan shi ne ƙafar gidanmu. Ƙauyenmu na can cikin Buji, mota ba ta cika shigowa ba, kuma da shi maigida yake kai mahaifiyarsa, Inna, asibitin Jahun duk sati biyu saboda ciwon sukari.

Wata shekara bayan girbi sai na ji muryar babur ɗin ta sauya. Wani ɗan ƙaras-ƙaras ne can ciki, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Na gaya masa.

"Ke da sai ki yi wata ba ki hau shi ba?" in ji shi. "Lafiyarsa lau."

Ana haka ƙanwarsa ta zo daga Kano. Tana aiki a wani wuri da ake gwada baƙin man manyan injina. Ta ce yadda ake ɗibar jinin Inna a gane ciwonta, haka ake gwada man da aka juye a gane abin da ke cin inji. Ta bai wa yayanta wata 'yar kwalba, ta bayyana masa yadda zai ɗebo. Ni lokacin ina madafi, ban ji ba.

Ranar da za ta koma ya yi sammakon kasuwa, ya bar kwalbar wayam a kan taga. Ni kuwa uwar son taimako, na ce ai baƙin mai baƙin mai ne. Muna da gwangwani a bayan ɗaki da muke tara tsohon mai, muna shafa wa azara da ƙafafun rumbu saboda gara. Har na injin ban ruwan maƙwabcinmu a ciki ake zubawa, da wani guntun rodi mai tsatsa da nake juyawa da shi. Na cika kwalbar fal, na goge ta tas, na miƙa mata ina jin na yi abin kai.

Da ta dawo da takarda, fuskarta ba walwala. Muka zauna a kan tabarma, ta ɗora yatsa tana bi layi-layi.

"Yaya, ƙarfe ya yi yawa, tagulla ma haka, ga yashi, ga ruwa. Injin da wannan man ya fito daga cikinsa ya gama. Kada ka ƙara ɗora Inna a kai."

Maigida ya leƙa takardar. Can ya ce to, sai ya kai shi Dutse wajen masu kwance babura su sayar da kayan. Saura kwana biyar ranar asibitin Inna. Na dubi ɗakinta, ina tunanin da me za a kai ta.

Amma ƙanwar tasa, baiwar Allah, ba ta ninke takardar ba. Ta ci gaba da kallonta tana girgiza kai.

"Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Ga alamar man gas a ciki, babur kuwa fetur yake sha. Yaya, ta yaya ka ɗebo?"

"Ni? Ai na manta ban ɗebo ba."

Duka suka juyo gare ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tashi sum-sum na ɗauko gwangwanin, rodin na tsaye a ciki.

Ta yi dariya har da hawaye. "Matar Yaya, jinin unguwa guda kika haɗa kika ce na mutum ɗaya ne."

Ba ta kunyata ni ba, wallahi. Kamo hannuna ta yi muka je zaure. Ta sa aka tayar da babur ya yi ɗumi, aka kwance ƙusar juye mai da ke ƙasan injin, aka bar na farko ya zube, ta tari na tsakiya a sabuwar kwalba. Ta rubuta tafiyar da ya yi tun juyen mai na ƙarshe. Sannan ta ce in kwaikwayi ƙarar da nake ji. Na kwaikwaya, maigida na dariya, ita kuwa tana rubutawa. Zuwan Inna na wannan satin, babur ɗin maƙwabci aka ara.

Takarda ta biyu ta zo da wani labarin. Ba ruwa, ba gas, tagulla kaɗan ce, wato can ƙasan injin lafiya. Amma yashi ya hau, ƙarfe da alminiyam sun biyo shi.

"Ba a karanta layi ɗaya shi kaɗai," in ji ta. "In ukun nan suka tashi tare, ƙasa ce ke shiga tana goge fistin, ƙarfen nan mai sama da ƙasa a cikin injin, kamar yadda kike goge gindin tukunya da yashi. Kunnenki bai yi ƙarya ba. A buɗe wajen soson da ke tace iska."

Aka buɗe. Ashe ɓeraye sun cinye soson, har sun yi sheƙa da ƙaiƙayi, don tun girbi babur ɗin yake kwana a zaure kusa da buhunan gero. Aka sa sabon soso, aka juye mai, aka sauya masa makwanci. Da aka sake gwaji bayan watanni, layukan nan uku sun sauka. Har yau babur ɗin ne ke kai Inna Jahun, kuma yanzu in maigida ya dawo sai ya leƙo ya ce, "Likita, yau me ya ce miki?"

Abin da na koya shi ne, takarda ba ta faɗin komai sai abin da ka zuba a kwalba, kuma mai ilimi na gaskiya yakan tsaya ya yi tambaya kafin ya yanke hukunci. Kullum ina yi wa ƙanwar mijina addu'a. Da ta ninke takardar nan a ranar, da mun rabu da lafiyayyen babur saboda gwangwanin gara. Kai fa, in aka miƙo maka sakamako mai tayar da hankali, kakan tambaya daga ina aka ɗebo?