Sale Matsa-Kaɗan, Mai Hoton Bango

"Matsa kaɗan."

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar marigayi Malam Sale a Birnin Gwari ya san wannan magana, kuma na san wasunku har kun fara murmushi. Za ka ci ado, ka kafa hula, ya ja ka gindin wani tsohon zaure ya tsayar da kai. Sai ya rufe ido ɗaya, ya leƙa, ya ce, "Matsa kaɗan." Ka matsa. "Ƙara." Ka ƙara. "Yawwa, saura ƙiris." Kafin ka ankara ƙafarka ɗaya tana cikin kwata, shi kuwa ya danna abinsa ƙyas, ya ce an gama. Ranar da hoto ya fito sai ka ga bango tas, kowace tsaga ta fito raɗau, kai kuma in ka yi sa'a a ga bakin hannun rigarka. Daga nan ya samo sunan Sale Matsa-Kaɗan, har wasiƙa an taɓa aiko masa da shi.

Ni ne Haruna tela, taubashinsa. Mahaifiyarsa, Goggo Hanne, yayar babana ce. Don haka ina da izinin tsokanarsa yana raye, kuma mutuwa ba ta ƙwace mini wannan izini ba.

Hoto fa ba sana'arsa ba ce, malamin gona ne. Kyamarar a gwanjo ya sayo ta a Kaduna, irin mai fim, wani baduku ya ɗinka mata jaka, ya rataya ta a wuya kamar laya. Ko da zamanin waya ya zo, kowa na ɗaukar hoto da abin da ke aljihunsa, Sale ya ce shi ba ya hoton da bai sha wanki ba. Haka zai ba direba fim a kai Kaduna a wanko, mu zauna jira.

Ni ya fara yi wa aika-aikar. Lokacin ina neman auren Rabi a Funtuwa, kawunta ya ce a turo hoton yaro su gani. Na ɗinka wa kaina riga, na sa aka buga ta, na ari agogo, na je na ce, "Yaya Sale," don sai ina da buƙata nake ce masa Yaya, "yau rayuwata tana hannunka."

Ya kai ni wani zaure a tsohon gari mai zankaye da zanen macizai a goshi. Aka yi ta matsa kaɗan, ni kuma ina ta washe baki. Da hoto ya dawo na duba sama, na duba ƙasa.

"Sale, ina nake?"

"Ga ka nan mana."

"Wannan ai kunne ne!"

"Naka ne ko ba naka ba?"

"Nawa ne, amma ina fuskar?"

"Haba Haru, fuskarka kullum muna ganinta, har ta ishe mu. Zauren nan kuwa damina mai zuwa ƙila babu shi."

Mai tafiya Funtuwa yana tasha yana jira, dole na ba shi haka. Saƙon da kawun Rabi ya maido shi ne, sun ga gida, gida ya yi, amma a turo sauran yaron. Har yau in mun yi faɗa Rabi takan ce ita zaure ta aura, ni gyara aka yi mata.

Da tafiya ta yi tafiya sai ya ɓullo da sabuwar aƙida, wai kowane bango da fuskar da ta dace da shi. Ranar kasuwa sai ya bi layi yana leƙen fuskokin tsofaffi kamar mai tayin akuya. A nan ya gamu da Baba Yohanna, wani manomi daga Gayam da ya kawo doya. Sale ya zagaya shi, ya durƙusa, ya miƙe, ya riƙe baki.

"Baba, Allah ya yi halitta a nan! Fuskar nan taka ta tsattsage daidai da bangon gidan maƙera. Don Allah ranar Lahadi in kun taso coci ka zo in ɗauke ka."

Baba Yohanna bai san yabo ne ko zagi ba, amma tunda yake ba a taɓa roƙonsa hoto ba, sai ya amsa. Ranar Lahadi ina wurin. Sai ga wani mutum ya sauko daga mashin cikin kwat, da baƙin tabarau, an yi masa aski ƙwal, gemu babu, fuska ta sha mai tana ƙyalli. Ya yi sallama, Sale ya amsa ya ci gaba da hangen hanya.

"Malam, ga ni."

"Sannu bawan Allah, wani tsoho nake jira."

"Ni ne Yohanna."

Sale ya zare masa tabarau, ya dube shi, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Inna lillahi! Wa ya yi maka yaɓe?"

"Jikokina ne, suka ce kada in ba su kunya."

"Sun cuce ni, sun cuci tarihi! Koma gida, Baba. Kada ka yi aski, kada ka shafa komai, ka shiga rana sosai. In ka lalace ka dawo."

Kuma wallahi mutumin nan ya koma ya lalace ya dawo, bayan girbi. Wannan karon Sale bai ce masa ya matsa ba, ya bar shi a tsakiya, don a cewarsa babu mai bambance shi da bangon. Suka zama aminai. Duk shekara Baba Yohanna na kawo masa doya, yana shigowa yana cewa, "Malam, bana na ƙara tsagewa, ko za a sake?"

To, sai maganar zauren gidan su Alhaji Mudi mai hatsi. Zaure ne na kakanni, mai rufin ɗaurin guga, in ka shiga da rana sanyi ya ratsa ka. Alhaji ya ce zai rushe ya yi shaguna da bulo. Sale ya roƙa, ya tura dattawa, ya yi fushi ya daina gaishe shi, duk a banza. Wata Laraba aka kawo lebura suka kwantar da shi.

Washegari Sale ya sa farar riga, ya ɗauki tabarma da carbi, ya shimfiɗa a ƙofar gidan, ya sunkuyar da kai. Alhaji ya tafi kasuwar ƙauye tun da safe. Wani mai wucewa ya gani, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Malam Sale, rasuwa aka yi?"

"Babba kuwa."

"Allahu akbar. Ya haƙuri?"

"Haƙuri ya zama dole."

"Ciwo ya yi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Shekaranjiya na gan shi a tsaye. Ture shi aka yi."

Kun san garinmu da labari. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, labari ya kai tasha cewa an ture Alhaji Mudi ya mutu. Matan gida suka ji daga bakin maƙwabta, suka fasa kuka. Aka ɗora tukwane. Liman ya zo da mutanensa yana tambayar ina gawa. Ana cikin haka sai ga motar Alhaji ta tsaya, ya fito yana cin rake. Wani dattijo da ya zo gaisuwa ya gan shi, ya bar takalmi da sanda, aka ce sai a bayan masallaci aka tsayar da shi.

Alhaji ya ce, "Jama'a lafiya? Wa ya mutu a gidana ban sani ba?"

Sale ya ɗago kai, ya nuna tarin ƙasa da carbi. "Kai ka kashe shi, kai kuma za ka tambaye ni?"

Sai wuri ya kece da dariya, har masu hawaye a fuska. Liman, Allah ya saka masa, ya ce tunda an taru kuma abinci ya nuna, a yi wa waɗanda suka gina zauren addu'a. Aka shafa, aka ci tuwo. Alhaji Mudi dai ya gina shagunansa, amma soron ciki da ya yi niyyar haɗawa da shi, bai ƙara kallonsa ba. Ya ce ba zai iya ciyar da gari sau biyu ba. Soron yana nan tsaye, ku je ku gani.

Sai kuma labarin daji. Wani tsohon maharbi ne ya ba shi labarin wani kufai ta wajen dajin Kamuku, wai akwai sauran ganuwa da ƙofarta a tsaye. Kun san lokacin, ko gona mai nisa mutane sun daina zuwa saboda 'yan bindiga. Ya ce in kai shi a mashin. Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ni zuwa. Ya ce to, zai tafi a ƙasa, ya fara ɗaura takalmi. Matarsa, Iya Ladi, ta biyo ni har shago tana kuka, ta ce, "Haruna, in ya tafi shi kaɗai ko hanyar dawowa ba zai nema ba." Haka na tayar da mashin ina karanta duk abin da na haddace.

Muka sami wurin. Gaskiya ƙofar abin kallo ce, jar ƙasa, kuka ta fito ta gefenta ta rungume ta. Sale ya sauka ya yi mata sallama, yana shafa ta yana cewa, "Sannu da ƙoƙari, sannu da jira." Ni ina waige-waige, sai na hangi waɗansu babura jingine da ganuwar ta ciki. Kafin in buɗe baki samari sun fito ta ko'ina, kowa da bindiga.

"Ku kwanta!"

Ni kafin su rufe baki na riga na kwanta. Sale kuwa yana tsaye, idonsa a cikin kyamara. Babbansu, wani dogo mai jan rawani, ya zo ya tsaya a tsakiyar ƙofar ya saita shi da bindiga. Sai na ji muryar ɗan goggona, a natse:

"Kai mai jan rawani, matsa kaɗan."

Jama'a, wallahi tallahi, ya matsa! Sai da ya matsa sannan ya tuna ko shi wane ne. Ya daka tsawa.

"Tsoho, ka san ko mu su waye?"

"Na sani mana. Ku ne marasa kunyar da suka jingina mashin da bangon da ya girmi kakan kakanku. Maza a janye."

Na ce shi ke nan, Rabi ta shiga takaba. Sai na ji wani daga baya ya tuntsire da dariya, saura suka kama. Dogon ya ce to, tunda mai hoto ne, ya ɗauke su. Suka jeru, suna gyara tsayuwa, kowa na ɗaga bindiga. Sale ya yi ta jujjuya su, wannan ya durƙusa, wancan ya daina hararar rana, ya danna. Suka rufe shi a kan su gani.

"Gani kuma? Sai an kai Kaduna an wanko."

"To yaya za a yi mu samu?"

"Ku ba ni adireshi."

Dogon ya dube shi sama da ƙasa. Sannan ya zo ya taɓa ni da ƙafa.

"Kai, dama haka yake?"

"Tun yana yaro, ranka ya daɗe."

"Wa yake da shi a gari?"

"Ni ne."

Ya girgiza kai, ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri. Tashi ka tafi da abinka."

Suka karɓe mashin, da wayata, da takalmanmu. Kyamarar suka jefo masa, suka ce abin da ba ya nuna mutum ba su da amfani da shi. Na san da yawa sun shiga hannun mutanen nan ba su fito da dariya ba, wasu ma ba su fito ba sam, kuma ban manta da su ba. Mu dai Allah ne ya tsare. Muka kamo hanya ƙafa ba takalmi, ƙaya na sukata. Da muka hango gonakin farko sai Sale ya waiwaya. Ya ja tsaki.

"Haru, hasken nan bai yi mini ba. Jibi ka aro wani mashin mu dawo da sassafe."

Wata guda ban yi masa magana ba. Shi ko lura bai yi ba.

Da ciwo ya kwantar da shi bara, 'ya'yansa suka gyara masa ɗaki mai siminti da fanka. Ya ƙi. Ya ce a mai da shi tsohon ɗakin Goggo na ƙasa, a juya gadon ya fuskanci bango. Na je duba shi na tarar ya ba ƙofa baya.

Na ce, "Kai da baƙin hali, ko baƙi ba za ka kalla ba?"

Ya ce, "Zo ka gani, sarkin surutu."

Na sunkuya. Ya ɗaga hannu da ƙyar ya ɗora a kan yaɓen. Sai na ga sawun yatsu, siri-siri, sun bi bangon a jere.

"Inna ce ta yaɓe shi da hannunta, tana goye da ni. Dubi ɗan yatsanta da ya karkace."

Na duba, ga shi nan kuwa, karkatacce, kamar yadda na san shi lokacin da take miƙo mana ƙosai. Ban iya tsokanarsa ba ranar. Na zauna a bakin gado, muka yi ta kallon bango mu biyu har aka kira la'asar. Bai ƙara sati ba.

Allah ya jiƙan Sale ɗan Goggo Hanne. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya haɗa shi da mahaifiyarsa a gidan da ba ya rushewa. Mu kuma da ya bari, in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.