Wayar da ke Cikin Bango

Yana tsaye gaban akwatin wuta na ofishinmu, dattijo siriri, gilashinsa ɗaure da zare. Tun da aka kafa manyan injinan sanyi a saman ginin, bireka ke ta faɗuwa tana yanke mana wuta, shi ne aka kira shi.

Ya kwafo lambobin da ke jikin injinan a takarda, yana lissafi da guntun fensir, leɓensa na motsi. Can ya kara bayan hannunsa a jikin kebul, ya daɗe a haka kamar mai duba zazzaɓi. Fatar hannun a tamuke take, tsohon tabon ƙuna ne. Ban san inda ya samo shi ba, amma na lura sai ya shinshina iska kafin ya buɗe kowane murfi.

"Baba, sa mana babbar bireka kawai mu huta," in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, birekar nan aikinta take yi. Wayar ce ta yi wa injinan ƙanƙanta. In na sa babba, wayar za ta dinga dahuwa cikin bango, ba wanda zai sani sai gobara ta tashi."

"Haba, sau nawa hakan ke faruwa?"

Dattijon ya juya. Yana kallon doguwar barandar, da ƙofofin da ke jere, da mu da ke zaune a ciki.

"Mutum nawa ke aiki a hawan nan?" ya tambaya a hankali. "Matakalar nan ita kaɗai ce?"